Kafin Kwamfuta Ta Ga Faifai

A zamanin da na koyi gyaran kwamfuta, ɗora babbar manhaja rabin aiki ne. Windows za ta hau, ta buɗe, mai kaya ya ga fuskarta ya fara laluben aljihu zai biya, alhali mai gyaran kirki bai ma gyara zama ba. Sauran direbobi, 'yan ƙananan manhajojin nan da ke sa Windows ta san kowane ƙarfe da ke cikin akwatin, ta kuma iya sa shi aiki: na sauti, na hoto, na firinta, na modem. Gaba da su duka akwai na gidan faifai, wanda muke kira sidi-rom, domin duk sauran a faifai suke zuwa. In gidan faifai bai tashi ba, babu abin da zai shiga injin.

Mu da muka yi wannan sana'a a gabashin Sakkwato mun fi na birni sanin nauyin haka. Ni ɗan Kurawa ne, a ƙasar Sabon Birni, ƙasar Gobirawa da ke kan iyaka da jihar Maraɗi ta Nijar. Gero da wake muka tashi muka tarar, sai albasa a fadama da rani. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, amma ta daɗe tana yawo a manyan birane kafin ta leƙo mu, intanet kuwa ba a ma maganarta. Abin da ke cikin jakarka shi ne abin da kake da shi. In ka baro wani faifai a Sakkwato, to aikin da ke gabanka zai jira har ka koma ka ɗauko.

Bayan na gama sakandare, kawuna ya kai ni Sakkwato wajen wani abokinsa mai shagon buga takardu da gyaran kwamfuta. A 2002 ne. Windows XP ta riga ta fito tun watan Oktoba na 2001, amma injinan da ke zuwa shagonmu tsofaffi ne, Pentium na ɗaya da na biyu, waɗanda ta yi wa nauyi. Windows 98 muke ɗora musu, jefi-jefi ma 95. Da yawa daga cikinsu ba sa iya tashi daga faifan sidi kai tsaye, sai an tashe su da fulofi, ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da ke ɗaukar megabait 1.44 kacal. A kan wannan ɗan fulofi rayuwar shagon take.

Abu na farko da maigidana ya zaunar da ni ya koya mini shi ne layi biyu. Akwai fayil mai suna CONFIG.SYS, a ciki ake rubuta DEVICE=A:\OAKCDROM.SYS /D:MSCD001. Akwai kuma AUTOEXEC.BAT, a ciki ake rubuta A:\MSCDEX.EXE /D:MSCD001. Layin farko shi ke ɗora direban da ke magana da gidan faifan kansa, wanda kamfanin Oak Technology ya rubuta, kuma yana aiki da kusan kowane gidan faifai mai igiyar IDE. Na biyun shi ke ba gidan faifan harafi, don DOS, manhajar da fulofin ke tayarwa, ta san da zamansa. Ina tuna yadda ya ɗora yatsa a kan sikirin, ya bar tabon maiƙo a wurin, ya ce, "Kai yaro, dubi nan. Sunan da ka ba shi a layin ga, da shi za ka kira shi a wancan. In ka sāke harafi guda, ba ya amsa ma." Na ce, "To, Maigida." Ya sa na rubuta layukan a bangon littafina, sannan ya goge fulofin ya ce in sake haɗa shi da hannuna.

Fulofin tashi na Windows 98 yana zuwa da waɗannan direbobi a cikinsa, shi ya sa muke ƙaunarsa. Na Windows 95 ba ya zuwa da su, sai ka zuba da kanka. Na 98 ɗin yana da wata ɗabi'a da ke rikita sabon shiga: yakan yanki wani ɓangare na ƙwaƙwalwar injin ya mai da shi ma'ajiyar wucin gadi, ya ba ta harafin D, sai gidan faifai ya gusa zuwa E. Yaro ya buga D ya ga babu faifai, ya ce gidan faifai ya mutu, alhali yana nan a harafi na gaba. Akwai kuma tsofaffin injina da gidan faifansu ba a jikin babban allo yake maƙale ba, a jikin katin sauti yake, irin na Mitsumi da Panasonic da Sony na farko-farko. Waɗannan direban Oak ba ya jin yarensu. Kowanne da nasa fulofi, kuma fulofin ya ɓace tun a ƙasar da aka yi amfani da injin kafin a loda shi a jirgin ruwa.

Babban tarkon yana tsakiyar aiki. Ka tashi injin da fulofi, gidan faifai ya bayyana, Windows ta kwashe fayilolinta, ta ce a cire fulofi za ta sake tashi. Ta tashi daga had-dis, inda babu layukan nan biyu, ita kuma ba ta gama ɗora nata direban ba. Sai ta buɗe baki ta ce a sa mata faifan Windows. Faifan yana ciki, amma ba ta ganinsa, kuma abin da zai sa ta gan shi yana cikin faifan. Kamar wanda ya ajiye tsani a cikin rumbu ne, ya sauko ya tsaya yana kallon ƙofar daga ƙasa. Maganin da maigidana ya koya mini shi ne tun kana DOS, gidan faifai yana aiki, ka kwashe jakar WIN98 ɗungurungum daga faifan ka zuba a had-dis, ka fara ɗorawa daga can. Daga nan duk lokacin da Windows ta nemi faifanta, ko bayan shekara ne, sai ta same shi a cikin gida. Wannan dabara ba a shagonmu aka ƙirƙiro ta ba, masu gyara a ko'ina suna yi. Amma shi ya ba ni dalilin da ya zauna mini. Ya ce mai injin zai tafi garinsu, ni kuwa ba zan bi shi ba, saboda haka kada in sallami inji sai na bar masa abin da zai nema a bayana.

Fulofi kuma ba ya ƙaunar ƙasarmu. Zafin bazara yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana cinye shi. Wanda ya yi aiki jiya, yau sai ka ji yana gurnani a cikin injin, ya ƙi karantuwa. Mukan yi kwafi da yawa, mu ƙulle a leda, mu sa a gwangwanin madara.

Da na sami 'yanci na dawo gida, na kama ɗan shago a Sabon Birni, da janareta ƙarami da tebur biyu. Lokacin XP ta fara mamaye ko'ina, kuma ta sauƙaƙa abu ɗaya: tana ganin gidan faifai na IDE da kanta, ba sai an rubuta mata layi ba. Sai dai wahalar ta koma wani wuri. Injinan da mutanenmu ke saya na hannu ne, waɗanda ake ce wa tokumbo ko Baljiyam, suna sauka a Legas, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su hauro Kano, daga nan su watsu. A lokacin sabon inji yakan zo da faifan direbobinsa a cikin kwali. Na hannu tsirara yake zuwa. Ka yi masa fomatin, ka ɗora XP, ka buɗe Device Manager, sai ka ga alamomin tambaya rawaya sun jeru: babu sauti, hoto ya yi ƙato-ƙato, katin intanet ba a san shi ba.

A birni sai a leƙa kafen intanet a sauko da direbobin. Mu kuwa sai mu buɗe kowace alama mu kwafe lambarta a takarda, lambar da ke farawa da VEN ta biyo da DEV. Da yawan kwafewa har na haddace cewa 8086 Intel ne, 10EC kuma Realtek. In takardar ta cika, sai in bi motar asuba ta Goronyo zuwa Sakkwato, in sayi tikitin kwana a kafe, domin da dare layin ya fi sauri kuma ya fi araha. Direban sauti ɗaya yakan ci sa'o'i. Kafin gari ya waye in gasa abin da na samu a faifai, in rubuta sunayen injinan da maka a bayansa, in kamo hanya. A haka jakar faifaina ta yi ƙiba. Masu gyara na Isa da Shinkafi suna da tasu, mukan yi musaya, kuma ban taɓa jin wani ya nemi kuɗi a kan kwafin direba ba. Kowa ya san gobe shi ne zai aiko yaro da takarda a hannu.

Duk wannan tara faifai ba shi da amfani in gidan faifan injin ya ƙi. Sau da yawa kuma laifin ba na direba ba ne. Igiyar IDE faffaɗa ce, mai ramuka 40, da jan layi a gefe ɗaya wanda dole ya fuskanci fil na farko. Igiya ɗaya tana ɗaukar na'ura biyu, kuma a bayan kowace akwai ɗan jamfa, ɗan roba baƙi da bai kai ƙwayar wake ba, wanda ke nuna wace ce babba wace ce mai bi mata. In had-dis da gidan faifai duka suka tsaya a matsayin babba, ɗaya zai ɓace, ko duka biyun. Na ga injina da aka yi ta yi musu fomatin a banza, alhali ɗan robar nan ne kawai ke son a gusa shi. Wani lokacin kuma ƙura ce ta rufe idon da ke karanta faifan. Sai a kwance murfin, a shafa shi a hankali da auduga a tsinke.

Akwai wani aiki da har yau nake jin daɗin tunawa. Wani malami ne na garinmu, wanda ya karantar da iyayenmu, ɗansa da ke aiki a Kano ya aiko masa da kwamfuta da faifan Maktaba Shamila, taskar nan ta littattafan addini da ke tara dubban littattafai wuri ɗaya. Wani ya riga ya ɗora mata XP a can. Aka aiko babur ya ɗauke ni zuwa Kurawa. Na tarar an shimfiɗa tabarma a zaure, an ɗora injin a kan akwatin littattafai, an rufe shi da darduma, almajirai sun kewaye. Na durƙusa na gaida shi. Ya ce, "Ɗana, ga abin da ɗan'uwanka ya aiko. Sun ce duk littattafan da na yi shekaru ina nema suna ciki. Mi ya hana shi buɗewa?" Na ce, "Allah gafarta Malam, bari in duba."

Matsala biyu ce ta haɗu. Gidan faifan yana da wuta, yana buɗewa yana rufewa, amma Windows ba ta nuna shi. A Device Manager yana ɗauke da alamar rawaya da lamba 39. Wannan na san shi: wasu manhajojin gasa faifai sukan maƙala nasu ƙananan direbobi a jikin na gidan faifai, in aka cire su ba daidai ba sai su bar suna a rajistar Windows, ita kuma ta yi ta neman abin da babu. Na shiga rajistar, na goge UpperFilters da LowerFilters a ƙarƙashin maɓallin da ke farawa da 4D36E965, na sake tayar da injin, gidan faifai ya dawo. Ta biyun ita ce Larabci. XP ba ta ɗora kayan rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu da kanta, sai an shiga wurin saitin harsuna an ce ta ɗora, ita kuma nan take za ta nemi faifanta na asali. Ba a aiko da shi ba, amma akwai a jakata. Da ta gama, na buɗe taskar, rubutun da ɗazu zai fito a hargitse ya fito Larabci tsaf.

Malam ya sa tabarau, ya matso, ya ce in nemo masa wani babi a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Na buga kalmar da ya faɗa, babin ya fito. Ya karanta layi biyu a sikirin, ya ƙarasa sauran da ka, idonsa a kaina. Sannan ya sa a ɗauko nasa bugun daga cikin akwatin ya gwada su, sai da ya tabbatar babu harafin da ya sāɓa kafin ya ce, "Madalla. Allah shi yi ma albarka." Kafin in tafi na kwashe jakar I386 daga faifan XP na zuba masa a had-dis, na haɗa da direbobin injin a jaka ɗaya, na nuna wa babban almajirinsa inda suke. Man janareta ya kusa ƙarewa, amma na tsaya sai da yaron ya buɗe jakar da hannunsa.

Daga ƙetaren iyaka ma ana kawo mana aiki, daga wajen Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi, domin dangi ɗaya ne, Gobir ce a nan Gobir ce a can. Injinansu Windows ɗin Faransanci gare su, kibod ɗinsu kuma AZERTY. In ka tashi irin wannan inji da fulofinmu, DOS tana ɗauka kibod ɗin Amurka ne, sai ka danna A ta rubuta Q, ka nemi M a inda aka zana shi ta ba ka wata alama daban. Rubuta MSCD001 a haka sai wanda yatsunsa suka san wurin haruffa ba tare da ido ba. Na koyi kau da kai daga kibod ɗin in bar hannu ya yi aikinsa.

Sai injina masu SATA suka fara zuwa, da siririyar igiyarsu. Faifan XP ya girme su, bai san su ba. Ka fara ɗorawa, ya ce bai ga had-dis ba sam, ko ya tsaya da shuɗin sikirin mai lamba 7B. Hanyar da aka tanada ita ce a danna F6 a farkon ɗorawa a ba shi direban, amma daga fulofi kaɗai yake karɓa, sababbin injinan kuwa ba su da gidan fulofi. Mafi yawanmu mukan shiga BIOS mu juya saitin daga AHCI zuwa IDE, mu wuce. Masu haƙuri sukan yi amfani da nLite su cusa direban a cikin faifan XP su gasa sabo. Na yi wa wani ofis a Isa irin wannan faifai, na rubuta sunan injinansu a kai, na ce a sa a durowar da ake kullewa.

Wani ciwon kuma finafinai ne suka kawo shi. Lokacin kasuwar faifan bidiyon Hausa tana ci, faifai ɗaya ya zaga gida goma kafin ya dawo duk ƙarzuna. XP tana da ƙa'ida: in ta yi tuntuɓe sau 6 wajen karanta faifai, sai ta rage wa gidan faifan gudu, daga ƙarshe ta sauke shi daga DMA zuwa PIO, hanyar da ke jibga wa ƙwaƙwalwar injin duk nauyin. Daga ranar fim ya riƙa sarƙewa, wa'azi ya riƙa yankewa, mai inji ya rantse bairos ne. Sai a cire direban tashar IDE ɗin, a sake tayar da injin, Windows ta ɗora shi sabo, gudu ya dawo. Aikin minti biyar ne, kuma na ƙi jinin ganin an karɓi kuɗin fomatin a kansa. Fomatin a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Hotunan aure ne ke tafiya, da takardun makaranta, da karatun da wani ya yi wata yana bugawa.

Daga baya abubuwa suka yi ta sauƙi. DriverPack Solution ya zo daga Rasha, faifan dibidi ɗaya mai ɗauke da direbobin da da sai an cika jaka. Windows 7 ta fito a 2009, ta san mafi yawan ƙarafa da kanta, ko da yake ita ma takan tsaya ta ce babu direban gidan faifai in aka ɗora ta daga filashi ta shuɗin ramin USB 3.0, sai an mai da filashin baƙin rami. A watan Afrilu na 2014 aka daina tallafa wa XP. Laftof suka sirance har gidan faifai ya fita daga cikinsu. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaranmu suka cika shaguna suna koyon riƙe linzami. Sabis ya iso ƙauyuka, mai gyara ya jona waya da laftof, Windows 10 ta sauko da direbobinta yana shan shayi. Na yi murna da wannan, domin na san abin da hanyar Sakkwato ta ci mini. Abin da ya dame ni shi ne yaran sun daina ajiya. In na ce su bar wa mai inji jakar direbobi, sai su ce, "Baba, ai akwai a intanet."

Shekarun da suka biyo baya kowa ya san abin da suka yi wa ƙasarmu. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, dubban mutanenmu suka ƙetara Nijar, hanyar da nake bi da asuba ta zama sai an yi shawara kafin a hau ta. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Sabon Birni da Isa. Wasu sukan matsa kusa da iyaka su kamo sabis ɗin Nijar don su gaya wa 'yan'uwa suna raye, amma wannan ba layin da za a sauko da direba ba ne.

A cikin makonnin da layukan suke rufe, wani yaro da na koya wa aiki ya zo gida da laftof ɗin wata ma'aikaciyar jinya. Ya yi mata fomatin, Windows ta hau, amma babu sauti, firintar da take buga takardun aiki da ita kuma ta ƙi. Ya gaishe ni ya ce, "Baba, ko kana da sauran faifan nan naka?" Na shiga ɗaki na fito da jakar, da gidan faifai na waje mai jonawa ta USB. Wasu faifan sun mutu, bayansu ya ɓare. Na dibidi ɗin ya karantu, muka sami na sauti a ciki, na firintar kuma yana kan wani tsohon had-dis da nake zuba duk abin da na taɓa saukowa. Na nuna masa yadda ake karanta lambar VEN da DEV, abin da bai taɓa buƙata ba sai ranar. Da aikin ya kammala ya buɗe jaka a laftof ɗin ya zuba mata direbobin da hannunsa, ban ce masa komai ba. Washegari ya dawo da nasa had-dis, da abokan sana'arsa biyu, muka tayar da janareta, suka kwafe duk abin da ke kan nawa.